Wanda Ya Riƙe Lema

A bencin wani asibiti a Barnawa, Rifkatu ta kasa kunne ga tarin dattijon da ke gefenta. Ta san irin wannan tarin.

"Baba, a wajen fasa dutse kake aiki?"

"Ya aka yi kika sani, 'yata?"

"Haka maigidana ya yi ta yi. Bara masu binciken lafiyar ma'aikata suka je, ya ce musu lafiyarsa ƙalau. Har aka binne shi ban huce ba."

"Mu ma sun zo mana. Abin da na faɗa ke nan."

"Haba Baba! Don me?"

"Oganmu ne ya riƙe musu lema, yana kallon bakinmu. 'Ya'yana biyar."



"Namu huɗu ne," Rifkatu ta ce a hankali.