Tayil ɗin tsakar gida

A shagon kayan gini, inda kullum mutane ke sayen ƙyalli su manta ana ruwan sama, na ji wata dattijuwa ta tare wani magidanci da ba ta sani ba, yana zaɓen tayil.

"Ɗan nan, wannan mai sheƙin za ka shimfiɗa a tsakar gida?"

"Mama, kowa a layinmu shi ya sa."

"Kowan ne zai kai ka wajen mai ɗori? Tsaya."

Ta tsiyaya ruwan gorarta a kan tayil ɗin. "Cire takalmi ka taka."

Ya taka, santsi ya kwashe shi, ya rungume buhun siminti yana dariya.

"Kai! Ni da ƙarfina ke nan. Balle ita da yanzu ko sunkuyawa..." Sai ya kama bakinsa.

"Ita wa? Au! Wata nawa?"

"Shida. Shekara tara muna jira, Mama."

"Masha Allah! Shi ne za ka shimfiɗa mata madubi? Mai shago, kawo mai kaushin nan, wanda ba ruwansa da rana ko damina!"

Magidancin ya ce, "Ba shi da kyau fa."

"Jira ka ga ana rarrafe a kansa tukuna."