Gashin Aro a Layin Sarki

A ƙofar fada a Landan, masu kumburin wuya sun yi layi suna jiran sarki ya shafa su su warke.

"Bawan Allah, gashin aronka ya karkace," wata tsohuwa ta ce wa wani mutum da ke gabanta riƙe da yarinya. "Wannan askin da ke ƙarƙashinsa ai na sojojin majalisa ne, waɗanda suka sare kan uban sarkin nan."

"Rufa min asiri, Iya."

"Ba ku kuka ce sarki mutum ne kamar kowa ba? Yau kuma hannunsa ya zama magani?"

"Har gobe haka nake cewa. Amma dubi wuyan 'yata Keziya. Likitoci sun gaza."

Tsohuwa ta dubi yarinyar.

"Sunkuyo in gyara maka kafin masu gadi su gani. Na ƙware, kowace safiya ni ke gyara na mijina, shi ma irin askinka gare shi."