Zanen 'Yata Ne

A zauren nunin zane na gidan tarihi, dattijon ya gyara tsayuwa gaban wani ƙaton zane, ya tare wata mata.

"Baiwar Allah, kin ga wannan? Hannun 'yata ne. Gado ba karambani ba!"

"Ikon Allah! Mai gemun can ne 'yar taka? Don shi ya zana."

"Wane gemu? Ta ce min bangon hagu, kusa da taga."

"Ayya, Baba, ai na yarinyar an sauke tun makon jiya. Wata uku suna rataye. Ba ka zo ba?"

Tari ya sarƙe shi. "Lokacin ina fushi. Na ce mata zane ba sana'a ba ne."

"To, ci gaba da tsayuwa. Wataƙila mai gemun ma yana neman uba."