Ƙuri'ar Raɗa da Tafintan Bature

A kasuwar Aziziya, Dalhatu, mai neman shugabancin ƙungiyar 'yan garinsu mazauna Riyad, ya tare wani dattijo da ya ji yana irin Hausarsu a gaban kwandunan tumatir.

"Baba, ƙuri'arka nake nema ranar Juma'a. Ni gado na yi. Kakana, Malam Sambo, shi ya ci zaɓen cike gurbi na Majalisar Arewa a zamanin Turawa."

"Na san zaɓen," in ji dattijon. "Mahaifina ne ya faɗi."

"Allah ya jiƙansa. Ai zaɓe ne mai tsafta. Kowa raɗa sunan gwaninsa yake yi, Bature ya rubuta."

"Baturen yana jin Hausa?"

"A'a, tafinta ake raɗa wa, shi kuma ya gaya masa."

"Wane ne tafintan?"

Dalhatu ya ɗan dubi tumatir. "Ƙanin kakana ne. Amma mutum ne mai amana."

"Tayyib, madalla. Ranar Juma'ar fa, wa zai ƙirga ƙuri'u?"

"Ƙanina Kamil. Shi ma..."

"Mai amana ne," in ji dattijon, ya ɗauki ledarsa. "To me za ka yi da ƙuri'ata, ɗana? Ai ka riga ka ci."