Marin da Na Sa wa Yayana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Sani direba daga Kaura Namoda.

Yayana Bello ya daɗe yana ɗaga wa jirgin ƙasa tuta a tasha. Ranar da jirgi ya take wata mata gaban idonshi, hankalinshi ya taɓu. Duk sadda ciwon ya tashi, marin ƙarfe nike sa mashi a ƙafa. Shekara biyu muna haka kafin mu kai shi asibiti.

Wata rana na je dubiya, na iske ya ɗaga benci yana ihu, "Ku tashi kan layin dogo, ga jirgi nan!" Na ce a kawo igiya. Wani dattijon nas, Malam Umaru, ya ce, "Sani, ja da baya, ka rage murya." Ya sa kowa ya fita ban da ni, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan.

"Yaya Bello, barka da aiki. Ina gajiya?"

Sau uku yana gaishe shi. Bello kuwa tun yana da lafiyarshi bai iya ƙin amsa gaisuwa. Ya ce, "Ba gajiya."

Malam ya ce, "Na duba, ba kowa kan dogo. Aje bencin mu sha ruwa."

Ya aje, ya zauna yana kuka.

Bello ya rasu bara. Wurin wankan gawa na ga tabon marin nan a ƙafafunshi duka biyu. Masu sauraro, ku ba ni shawara: yaya ake neman gafarar wanda ke kabari?

A gaishe mani da Malam Umaru. Shi bare ne, ya durƙusa wa yayana. Ni da muka sha nono ɗaya, ƙarfe na sa mashi.