Shanun da Ba Sa Jin Hausa

A tashar Funtua, motar Malumfashi ta ƙi cika. Awaisu, wanda ya gama jami'a ya rasa aiki, yana zaune kusa da wani dattijo mai dafe da ƙugu.

"Samari, kana jin Turanci?"

"Shi na karanta, Baba."

"Alhamdu lillahi! Ina da aiki."

Awaisu ya gyara zama. "Wane ofis?"

"Huɗa. Kunyar koyon Turanci nake a gaban 'ya'yana, dariya suke min. Sai na riƙa rataye waya a karkiyar shanuna, wani Bature yana faɗa ina maimaitawa. Ni ban iya ba, shanun suka iya. Yanzu in ka yi musu Hausa, kallonka kawai suke."

"Haba, Baba!"

"Wallahi. Ga ruwa ya sauka, ga ƙuguna ya riƙe. Ƙanena ya kama garma ya yi ta ihu, suka kwanta. Bana masarata tana hannun mai Turanci."

Awaisu ya tuna zaman gida. "Zan iya."

"To, ce musu su tsaya in ji."

"Sitof!"

Dattijon ya girgiza kai cikin tausayi. "Da wannan lafazin, sai sun huɗe gonar maƙwabcina sun faɗa rafi. Bakin Bature suka saba da shi."

"A ba ni lokaci in gyara."

"Wa zai koya maka?"

Awaisu ya sunkuyar da kai. "Shanun suna karɓar ɗalibai?"