Guntun Tukunyar da Na Binne a Gindin Ganuwa

Da sunan Allah nake farawa. Liman Na Wenkui, shugabar firamare Malama Tie Guifang, dattawan unguwa, Gwaggo Sa Yulan uwargidan marigayi da 'ya'yansa, da ku 'yan aji biyar da ke can baya, assalamu alaikum.

Ni ne Ha Junsheng mai shagon jan taliya da hannu a bakin kasuwa, karatuna bai wuce na masallaci ba. Kun zaɓe ni in yi magana a arba'in ɗin Malam Hai Zhenglin don ni ke sa shi dariya. Amma yau ba dariya na kawo ba.

Ya kasance malamin da ya fito da tarihi daga littafi. Kafin shi, daular Han, wadda ta mulki ƙasarmu a zamanin da, a wurin 'ya'yanmu shafi ce da ake haddacewa a manta. Shi ya kwashe su zuwa tsohuwar ganuwar bayan gari, ya raba su biyar-biyar, ya ce su ɗauki bidiyo da waya: wannan sojan gadi, wancan falke mai raƙuma. Ni ya ba sarauta, wai tumbina ya cika rigar. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, a goge fulawar da ke gira, talakawa na kallo."

Ya kasance mai doka ɗaya da ba ya ɗagawa: a ƙarshen kowane bidiyo sai yaro ya fuskanci waya ya faɗi inda ya samo maganarsa. Mu iyaye da yayye muka sha tambayoyi har muka fara tsoron faɗin abin da ba mu sani ba.

Gwaggo, ki saurare ni, ki yi haƙuri. Da bazara tukunyar miyarmu ta fashe. Na ɗauki guntu, na jiƙa shi a shayi kwana uku, na murza masa ƙasa don ya yi kama da kayan tarihi, na binne a gindin ganuwa. Nufina Malam ya gani, ya gane nan take, ya biyo ni shago da sanda. A makon nan aka kwantar da shi asibiti. Yaran suka je ba shi, Min Xiaoyu ta tono guntun. Ta tsaya gaban waya tana haki, ta ce na shekara dubu biyu ne, kuma sun sani don da hannunsu suka tono.

Aka tura wa Malam bidiyon a gadon jinya. Ya aiko babban ɗansa, wai in kai masa taliya da kaina, yana da magana. Na ja taliyar, na ba mai babur ya kai. Tsoro ya hana ni. Bayan kwana biyu ya rasu. Har yanzu ban san ko ya gane ba, ban san abin da zai ce mini ba, kuma duk sallar da na tayar sai wannan ya faɗo mini.

Malama Tie, na ji ranar Litinin za ki aika bidiyon nan zuwa gasar gunduma da sunan Malam. In masana suka duba, mutumin da bai taɓa barin yaro ya yi ƙarya ba shi za a yi wa dariya, kuma aikin bidiyon nan ba zai sake tashi a makarantarmu ba. Na roƙe ki kada ki aika. Xiaoyu, ɗago kai, ƙanwata, laifin ba naki ba ne. Gobe ku zo da wayar, zan tsaya ba rigar sarki in nuna yadda na yi, in shugaba ta yarda a aika wannan maimakon wancan.

Na gode da ba wanda ya tashi ya fita. Allah ya jiƙan Malam Hai, ya haskaka kabarinsa, ya ba iyalinsa haƙuri. Gwaggo, ni kuma zan tsaya a bakin ƙofa har ki fito, in nemi gafararki.